Wuƙa Mai Kunya

Tun da na dawo ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Gwandu sai ya ajiye yadinsa gefe, ya gyara zama a kan benci, ya ce, "To, Umaru tela, ba mu labarin ƙetare." Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk lokacin da na sake faɗa sai gadar ta ƙara tsawo, kogin ya ƙara faɗi. Gara in rubuta shi sau ɗaya kafin in wayi gari na zama maƙaryaci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in taka kekena.

Ba fatauci ya fitar da ni ba. Wuƙa ce.

Baffa Altine wan mahaifina ne. Mahaifina ya shigo gari tun yana saurayi, shi kuwa Baffa yana nan a ruga bayan Maruda da shanunsa. Kowace shekara, kafin shuka ta rufe daji garke ya tashi, shi ke yi wa maruƙa shaida a kunne, don in sun gauraya da na wasu a gane su. Tsaga biyu a kunnen dama, shaidar gidanmu ke nan tun kakanni. Da wuƙa ɗaya yake yi, 'yar ƙarama mai naɗewa cikin ƙotarta, wadda ya sayo ƙetaren kogin Kwara tun kafin a haife ni. Bara ya yaga kunnen wata maraƙa har jini ya ƙi tsayawa, ƙuda suka shiga, da ƙyar aka ceto ta. Ƙananan 'ya'yansa suka fara gunaguni a bayan idonsa, wai hannun tsoho ya fara rawa. Babban ɗansa Manu, wanda furfura ta fara fito masa a gemu, bai shiga gunagunin ba.

Da damina ta matso sai Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin kalgo, ya ciro wuƙar daga aljihu ya buɗe. Washi ya cinye ruwanta, ta koma kamar tsinken tsire.

"Ka ji abin da yaran ga ka hwaɗi?" in ji shi. "Ba hannuna na ba, Umaru. Yuƙa ta. Ta tsuhwa. Ka tai inda nis sawo ta ka biɗo min irinta. Amma ka ji da kyau, mai kunya nika so. In ba ta da kunya, bar musu abinsu."

Wani zai ce me ya sa bai aiki Manu ba, wanda ya san hanya. Manu ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakin Baffa ba, ban taɓa ganin ya miƙa masa ko ƙwaryar ruwa ba. In zai yi maganarsa sai ya ce "wancan." Shi ya sa aikin ya faɗo kaina, ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba. Na karɓi tsohuwar wuƙar don in gwada da ita. Maganar kunya kuwa ban tambaya ba, don a ganina ta fito fili: wuƙar da ke sunkuyar da kai ta ɓoye fuska cikin ƙota, ai ita ce mai kunya.

Na fara sauka Kalgo, gidan abokina Ɗanjumma, wanda ke kai albasa kasuwar Malanbil ta ƙasar Binin, inda Baffa ya sayo wuƙar. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci kamar mai bankwana da duniya. Ɗanjumma ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Kai, tela! Ƙasa ukku za ka taka sabadda yuƙa guda? Ga su nan tashar Kalgo tuli."

Na ce ya je ya faɗa wa Baffa haka da bakinsa. Washegari muka kama hanya tare.

Motar da muka shiga, albasa ce fasinja, mu ne kaya. Ta Bunza muka bi har Kamba, ƙafata ɗaya a kan buhu, ɗayar ban san inda take ba. Har yau in na shinshina rigar da na yi tafiyar da ita sai idona ya kawo ruwa. Daga Kamba yare ya fara sauyawa a kunnena. Hausa na nan, amma ta fara tafiya kafaɗa da kafaɗa da Dandanci, kowa ya gan ka sai ya ce "fofo." Na riƙe kalmar gam, na yi ta rabawa har ga waɗanda ba su gaishe ni ba.

A kan iyakar Nijar aka sauke mu, kowa ya fito da abin da ke aljihunsa. Wani jandarma dogo, baƙi wuluk, kayansa a goge kamar ba a cikin rana yake aiki ba, ya ɗauki wuƙar Baffa daga kan tebur. In aka karɓe ta, da wane ido zan koma ruga? Ya buɗe ta, ya ga ɗan siririn ruwan, ya ɗaga wa abokin aikinsa suka kwashe da dariya. Na fara bayani, bakina na harɗewa. Sai na ga dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya shafa ƙotar da babban yatsa, wurin da hannun Baffa ya lotsa itacen.

"Ta wa ce?"

Na ce ta baffana ce, makiyayi.

"Kakana yana da irinta," in ji shi. "Har ya rasu ba wanda ya isa ya taɓa ta."

Ya naɗe ta a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu, kamar ya san mai ita. Na taho ina ta mamaki. Na yi zaton a kan iyaka ba abin da ake tambaya sai takarda.

A garin Gaya na Nijar muka karya kumallo, ko in ce muka sake karyawa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har ya kankare mini dasashi, cikinsa kuwa iska ce kawai. Shayi ba a kofi ba, a kwano, kamar za a ba ka fura. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rana na yin tsaka sai garin ya kwanta. Mai shago ya ja ƙofa, ma'aikaci ya tafi gida, wai lokacin hutu ne. Na tuna yadda nake taka keke da azahar gumi na ɗiga a kan yadin mutane, na ce lallai an daɗe ana cutata.

Sai gada. A nan ne kuke cewa ina ƙari, to wallahi ba na ƙari. Ni na san gulbi, na sha ƙetare na Kalgo, amma Kwara wani abu ne daban. Ka tsaya a tsakiya ka duba dama ka duba hagu, ruwa ne ke tafiya a natse kamar ba shi da ubangida sai Allah. Jiragen ruwa na katako a ƙasanmu, an loda musu buhuna da babura da mutane har da raguna, amma daga sama sai ka ce ɓawon gyaɗa. Na kama ƙarfen gada ina tasbihi a bayyane. Ɗanjumma ya ce in rufe baki kada a gane baƙo ne. Ban rufe ba. Tunanin da ya zo mini shi ne Baffa yana saurayi ya iso bakin wannan ruwa da ƙafa, a bayan shanu, kuma bai taɓa ba mu labarinsa ba.

Malanbil kuwa gari ne na mata. Ban faɗi haka don raini ba. Mace ce a kan babur, goyo a baya, daro a ka, buhu a gaba, tana tsaga kasuwa. Ɗaya ta kusa kwashe mini ƙafa, ta zazzaga mini magana da yaren da ban sani ba, sannan ta yi mini murmushi ta wuce. Su ke da manyan rumfuna, su ke tsawata wa 'yan dako. Doya tsibi-tsibi, garin rogo, manja a durom, albasar ƙasarmu kuma an jera ta kamar ganuwa. Na ga buhunan da na zauna a kansu ana sauke su, har na ji kamar in yi musu sallama.

Masaukinmu gidan da 'yan albasa ke sauka ne, babban zaure da tabarmi, kowa jakarsa ce matashinsa. Sauron bakin Kwara ba ya kuka, aiki kawai yake yi. Abinci kuma aka kawo wani farin tuwo mai tsami a naɗe cikin ganye, ɗan'uwan kafa, da jar miya mai yaji, a ciki da wasu yanka-yanka masu laushi. Na ɗauka awara ce. Na tauna na ji ba ita ba ce, na ce to hanta ce ta wata dabbar da ban sani ba, na tsame hannu. Ɗanjumma ya bari sai da na gama zare ido sannan ya ce madarar shanu ce, wagashi, Fulanin can ke daskarar da ita har a soya. Ni jikan makiyaya, an ba ni nono ban gane shi ba! Mu mun tsaya a kindirmo da man shanu muna ganin mun ƙure wa saniya basira, ashe 'yan'uwanmu na ƙetare sun wuce nan. Na cinye nawa na ƙara da na Ɗanjumma.

Da safe na shiga neman wuƙa. Ban sha wahala ba, abin da ya cuce ni ke nan. A layin masu kwaɗo da tocila na ga tebur cike da wuƙaƙe masu naɗewa, suna walƙiya har sai ka kare ido. Na zaɓi wata mai ƙota ja da zanen zinariya, ruwanta kamar madubi, har na gyara hulata a ciki. Na naɗe ta, ta shige ƙota ɗungurungum, ko hancinta ba a gani. Na ce yawwa, kunya ai ba ta wuce wannan. Na saya na koma masauki ina taku ɗai-ɗai.

Ɗanjumma na kwance buhuna, ya ce in ara masa. Igiyar farko ta yanke. Ta biyu sai da ya goga. Kafin ya gama layin, wuƙata ta koma goga igiya kamar mai lallashi. Na karɓa na duba bakin a rana, duk ya kwanta. Na kama ruwan na girgiza, sai ga shi yana lilo cikin ƙota kamar haƙorin da ya kusa fita. Ni da nake rabuwa da almakashi saboda ya tauna yadi sau ɗaya, ƙyalli ya rufe mini ido.

Na koma kasuwa, wannan karon da tsohuwar Baffa a tafin hannu. Rumfa rumfa nake nunawa. Samari su duba su yi dariya, su ce an daina yayinta. Daga ƙarshe wani mai sayar da sarƙar ɗaure shanu ya nuna mini wani lungu ya ce in tambayi Iya.

Iya tsohuwa ce 'yar kudancin ƙasar, ƙatuwa, tana zaune a tsakiyar tukwane da ludaya kamar ita ma an jera ta ne. Hausarta guntu-guntu ce, ba ta bambanta mace da namiji. Ta karɓi wuƙar Baffa, ba ta yi dariya ba. Ta buɗe, ta shinshina ruwan, ta kai ta kusa da kunne ta naɗe. Ta ce da ni in zauna. Ta jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin kujerarta, ta fito da abu a naɗe cikin takarda mai maiƙo.

Gaskiya raina bai so ta ba. Ƙota ta itace ba ado, ruwan ba haske, har da ɗan ɗigon tsatsa kusa da gindi. Na nuna mata tsatsar na girgiza kai, na fito da jar tawa don ta ga irin hasken da nake nufi. Iya ta dube ni kamar yadda nake duban mai kawo yadin leda ya ce a yi masa babbar riga. Ta miƙa hannu cikin kwandonta ta ɗauko lemun tsami. Ta tsaga shi da jar wuƙata, ta ajiye wuƙar a kan cinyarta ba ta goge ba. Ta ɗauko wani ta tsaga da tata, ita ma ta ajiye. Sannan ta ci gaba da cinikin ludayi da wata mata kamar ba na wurin.

Da ta sallami matar sai ta ɗago su biyun. Tawa tana nan tana walƙiya, ko a jikinta. Ɗayar kuwa fuskarta ta sauya. Duk inda ruwan lemun ya taɓa ya yi duhu, toka-toka da shuɗi-shuɗi, kamar hadari na haɗuwa.

"Ka gani?" in ji Iya. "Fulani yana zuwa nan, yana ce, wannan yana jin kunya. An taɓa shi, fuska ya canza." Ta ɗaga jar tawa da yatsa biyu. "Wannan, babu kunya. Ka zage shi, ka mare shi, yana dariya. Ba ya riƙe baki."

Kalmar Baffa ce, a bakin matar da ba ta taɓa jin sunan Maruda ba, ta kwana a wannan lungu shekara da shekaru tana jirana. Ashe ba sunkuyar da kai ake nufi ba. Ƙarfen da ke jin abin da ya taɓa shi, shi ne ke karɓar washi ya riƙe kaifi. Wanda ba ya tsatsa, ba ya ɓaci, to irin na teburin nan ba ya kuma yin aiki.

Sai na gwada ta irin gwajin da na sani. Na zaro zare daga bakin aljihuna na sake shi yana reto, na taɓa shi da bakin wuƙar, ya faɗi ba tare da ya lanƙwasa ba. Na girgiza ruwan, ko motsi. Na duba ƙusar da ta riƙe shi, an dake ta ta zauna daram. Na buɗe ta rabi na saki, ba ta faɗo ba, ba ta kuma zabura ba. Na kai ta kunne na naɗe yadda Iya ta yi, ta ce ƙas, murya ɗaya da ta Baffa, sai dai wannan da ƙuruciya. Iya ta shafa mata man gyaɗa, ta ce kada a bar ta da jiƙa, kada a bar ta da jini. Ta dunƙule hannuna a kanta da hannayenta biyu ta ce, "Gai da tsoho."

Farin cikina bai kai Kamba ba. A mota na zabga tagumi har Ɗanjumma ya tambaye ni ko wagashi ne. Na ce masa ina tunanin in wuƙar nan ta yi kyau kamar yadda na gani, kuma hannun Baffa ya yi rawa, to me zai ce? Bara yana da abin ɗora wa laifi. Ni ne zan je in ƙwace masa shi a gaban 'ya'yansa.

Sai da muka sauka Kalgo ya ce, "Kai mishi jar. Ka ce ita ɗai ka samu. Ya zage ta, ya zage ka, ya ce zamani ya lalace, girmanshi na nan."

Na kwana da su biyun a aljihu, jar da ta Iya, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma ban ɓoye muku ba, shawarar ta zauna mini. Amma mutumin da ya ce mai kunya yake so ya san abin da yake nema. In na kai masa jar, zai gane tun kafin ya buɗe, zai kuma gane dalili. Wannan ya fi yagar kunne ciwo.

Da hantsi na isa ruga. An riga an ware maruƙa, hadari na ta yawo a gabas. Na durƙusa na gaishe da Baffa, na miƙa masa tsohuwarsa, sannan sabuwar. Ya buɗe ta. Ya ga duhun da lemun Iya ya bari, ya shafa shi da yatsa.

"Wa ya gwada ma?"

Na ce wata tsohuwa ce, ta ce a gaishe shi. Ya gyaɗa kai kamar dama yana jiran gaisuwar. Ya aske ɗan gashin bayan hannunsa, ya hure. Ya ce a kawo na fari.

Manu ya kayar da wani jan maraƙi, ya danne wuyansa da gwiwa, ya riƙe kan. Baffa ya tsuguna, ya kama kunnen dama da hagunsa, ya kawo wuƙar. Ina tsaye kusa, na ga tsinin yana rawa. Ya ɗaga hannun, ya ja numfashi, ya sake kawowa. Rawar ta ƙaru. Ƙannen Manu duk suka sami abin kallo a wani wuri, wannan ya duba hadari, wancan ya duba ƙafarsa. Manu ya kafa ido a ƙasa.

Baffa ya saki kunnen. Ya naɗe wuƙar, kowa ya ji ƙas ɗin.

"Yuƙa ta yi," in ji shi. "Ba ta da laihi."

Ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba. "Umaru. Ba mai shanun."

Na tsaya riƙe da ita ina waige-waige kamar wawa, don tun da aka haife ni mutum ɗaya na sani da wannan suna, kuma shi ne ya ba ni. Sai na ga kafaɗun Manu suna motsi. Na tsuguna na karɓi kan maraƙin, na sa wa Manu wuƙar a hannu. Fuskarsa ta sauya gaba ɗaya, ya kawar da ita gefe don kada mu gani. Ya goge ido da hannun riga, ya buɗe wuƙar, ya yi bisimilla. Tsaga biyu, kafin maraƙin ya san an taɓa shi an gama.

Baffa ya riga ya miƙe ya nufi gindin kalgonsa, yana juya tsohuwar wuƙarsa a hannu. Bai waiwayo ba. Sai da ya yi nisa kaɗan ya tsaya, bayansa gare mu.

"Umaru, ta yi daidai?"

Na ce, "Daidai, Baffa. Kamar kai ka yi."

"Na sani," in ji shi. "Tun yana rarrahe yaka kallon hannuna. Ku kawo mishi na biyu."